Wa zai rubuta tarihin halwa da wuridi a Damagaram?

Idan yaro ya samu bak a Damagaram, ya zo ya shaida wa mahaifinsa cewa zai karanta likitanci, ko shari'a, ko aikin duwan, gida kan cika da murna. Amma da zai ce shi nufinsa ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen binciken yadda malamai ke shiga halwa, da yadda wuridi ya taso daga Fas har ya iso Birni da Zango, da wuya a bari ya rufe bakinsa. Idan mahaifin ɗan kasuwa ne zai tambaye shi ina ribar. Idan kuwa ma'aikaci ne zai tambaye shi a wane biro ake ɗaukar mai irin wannan takarda.

Alhali kuwa a jami'o'in duniya akwai mutanen da wannan shi ne aikinsu tun suna samari har su yi furfura. Suna koyon harsuna masu wuya, suna gurfana gaban tsofaffi, suna tonon takardun da ƙura ta rufe, duk domin su gane abu guda: yadda ibadar ɓoye, wadda a da sai ɗaiɗaikun mutane ke yin ta a bayan gari, take fitowa ta zama ta jama'a, ta shiga kasuwa da ma'aikata, ta ƙetare iyakokin ƙasashe. Kuma sau da yawa idan suka bi sawun, a Asiya ne ko a Afirka, sai su tarar da mutum biyu tsaye a tsakiyar hanya, watau ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati.

Darasi daga ƙasar Bama

Misalin da ya fi fitowa fili ya zo ne daga nesa, daga ƙasar Bama, wadda ake kira Miyanmar a yau, inda mafi yawan jama'a ke bin addinin Buda. Tun farko ya kamata a san cewa aƙidarsu daban take da ta Musulmi, domin su ba sa ambaton Mahalicci a cikin zamansu, shi kuwa zikiri ambaton Allah ne. Abin da za a kwatanta a nan shi ne hanyar yaɗuwa, da kuma hanyar binciken wannan yaɗuwa.

A cikin addinin Buda akwai wani horo da suke kira wipasana. Mutum zai zauna shiru, ya tattara hankalinsa a kan numfashinsa da abin da yake ji a jikinsa, yana lura da yadda kowane abu ke zuwa yana wucewa. An yi ƙarnoni wannan horo yana hannun ƴan ƙalilan daga cikin masu zuhudunsu, waɗanda ba sa aure, suna zaune a gidajen ibada ko cikin daji. Shi kuwa talaka aikinsa ya ciyar da su ya nemi lada.

A 1885 Turawan Ingila suka ci birnin Mandalay, suka tuɓe Sarki Tibau, suka kai shi Indiya. Da ma sarki ne majiɓincin addini a ƙasar, shi ke kula da malamai da littattafai. Da sarauta ta faɗi, sai wani malaminsu mai suna Ledi Sayadaw, wanda aka haifa a 1846 ya mutu a 1923, ya ga cewa tun da babu sarki, to dole talakawa su ɗauki nauyin addinin da kansu. Ya shiga rubuta ƙananan littattafai da harshen Bama mai sauƙi, wanda kowa ke ji, injin ɗab'i yana buga su da yawa. Ya riƙa bin garuruwa yana kafa ƙungiyoyin karatu. Ya kuma koyar da cewa mai iyali, da mai gona, da mai kanti, kowa na iya yin wannan horo ba sai ya bar duniya ba.

Daga nan sai silsila ta miƙe. Wani manomi, Saya Thetgyi, ya karɓa daga Ledi. Shi kuma ya koya wa U Ba Khin, ma'aikacin baitulmali, wanda ya zama babban akanta na ƙasar bayan ta samu mulkin kai a 1948. U Ba Khin ya fara da ma'aikatan ofishinsa, sa'an nan a 1952 ya buɗe cibiya a birnin Rangun. A 1955 wani attajiri ɗan asalin Indiya, S. N. Goenka, ya je wurinsa saboda ciwon kai mai tsanani da ya gagari likitoci. Attajirin nan shi ne ya koma Indiya a 1969, ya yaɗa zaman kwana 10, wanda ba a biyan ko dala, sai dai waɗanda suka riga suka yi su ba da gudummawa domin na baya. A 1994 an yi irin wannan zama da fursunoni wajen 1000 a gidan kaso na Tihar a birnin Delhi. Kafin ya mutu a 2013 cibiyoyinsa sun haura 100 a nahiyoyi daban-daban. A Amurka kuma, a 1979, wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya cire wa horon sunan addini, ya tsara shi cikin mako 8 domin majiyyata masu fama da daɗaɗɗen ciwo a asibitin jami'ar Massachusetts. Yau ana samun sa a asibitoci da makarantu da kamfanoni, har da cikin wayar salula.

Da yawa daga masu yin wannan zama sun ɗauka haka jama'a ke yin sa tun zamanin Buda, kusan shekara 2500 da suka wuce. Masu bincike ne suka gyara wannan zato. A 1995 Robert Sharf ya buga maƙala yana nuna cewa mayar da zaman shiru ya zama zuciyar addinin ga kowa da kowa abu ne na zamanin baya-bayan nan. Bayansa Erik Braun, wanda ya yi digirinsa na dakta a jami'ar Harvard, ya zauna ya karanta rubuce-rubucen Ledi da harshen da aka rubuta su, ya fitar da littafi a 2013 mai bayyana yadda faɗuwar sarauta da injin ɗab'i suka haifi wannan yaɗuwa. Littafin ya samu lambar yabo, mai shi kuma ya koyar a jami'ar Oklahoma, daga baya ya koma ta Virginia.

Dabararsu ba ta wuce uku ba. Na ɗaya, a karanta abin da masu ibadar suka rubuta da hannunsu, da harshensu. Na biyu, a bi silsila, a san wa ya ba wa. Na uku, a tambaya me ya sauya a duniya a lokacin, kuma wa ya biya kuɗin ɗab'i da kuɗin tafiya. Duk abubuwan nan uku akwai su jibge a Damagaram.

Abin da kumandan ya rubuta

Damagaram ma ta ɗanɗani faɗuwar sarauta. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a garin. A watan Yuli na 1899 aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka shiga birni, ba a jima ba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, sai a 1923 suka mayar da sarauta gidanta. Daga 1911 zuwa 1926, kafin a koma Yamai, a nan ne mazaunin mulkin ƙasar yake, saboda haka a nan rahotanni ke taruwa.

Waɗanda suka fara rubutu a kan ɗariƙun ƙasar nan da Faransanci sojoji ne da masu mulki, kuma da tsoro suka zo. A 1884 Henri Duveyrier ya buga littafi a kan Sanusiyya, ɗariƙar da Sayyidi Muhammadu ɗan Aliyu Sanusi ya kafa a Makka a 1837, ya siffanta ta da cewa ita ce ke bayan kusan duk wata masifa da ta samu Nasara a cikin Sahara. To a Damagaram kuwa akwai fatake Larabawa na Tarabulus da Gadamas, cikinsu har da mabiya Sanusiyya. Saboda haka kumandan ya buɗe wa manyan malamai takarda, kowa da tasa: sunansa, ɗariƙarsa, wanda ya ba shi wuridi, yawan almajiransa, dukiyarsa, da kuma ko yana ƙaunar Faransa. Irin waɗannan bayanai ne Paul Marty ya tattara ya buga a 1930 da 1931 a kan Musulunci da ƙabilun Nijar.

Takardun nan suna da amfani har gobe, domin sun riƙe sunaye da shekaru. Amma tambayarsu ɗaya ce tak: malamin nan haɗari ne ko kuwa? Abin da yake karantawa bayan asuba, da yawan kwanakin da yake yi a halwa, da yadda yake renon zuciyar almajiri, duk wannan bai dami kumandan ba. Yaƙin Kawusan ya daɗa ƙarfafa wannan kallo. A watan Disamba na 1916 Kawusan, mabiyin Sanusiyya, ya yi wa barikin Agadas ƙawanya. Daga Damagaram rundunar da ta fasa ƙawanyar ta tashi, ta isa a watan Maris na 1917, kuma a cikin ramuwar gayya aka kashe malamai da dama a garin. Duk malamin da aka kashe, ilimin da ke ƙirjinsa ya bi shi kushewa.

Ɗan gari ya ɗauki alƙalami

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. André Salifou, wanda aka haifa a Damagaram a 1942, ya yi karatun tarihi mai zurfi a Tuluz ta ƙasar Faransa, ya kuma zaɓi garinsu ya zama abin bincikensa. A 1971 aka buga littafinsa Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle, wanda ya gina shi a kan takardun Nasara da kuma abin da ya ji daga bakin dattawan gari. A 1972 ya rubuta maƙala a kan Malam Yaro, babban attajirin Damagaram na ƙarshen ƙarni na 19. A 1973 ya fitar da Kaoussan ou la révolte sénoussiste, inda ɗan ƙasa ya sake duba yaƙin da a da daga bakin wanda ya ci shi kaɗai ake jin labarinsa. Ya koyar a jami'ar Yamai, ya shugabanci Babban Taron Ƙasa na 1991, sa'an nan ya riƙe majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya har 1993. Ya rasu a watan Mayu na 2022, kuma jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunansa a yau. Mahaifin da ke tambayar inda karatun tarihi ke kai mutum, ga amsa nan a ƙofar gida.

Sai dai Salifou masanin sarauta ne da yaƙi da siyasa. Haka kuma sauran sanannun ayyuka a kan Damagaram: Roberta Dunbar ta Amurka ta yi digirinta na dakta a 1970 a kan tarihin masarautar, Stephen Baier kuma ya buga littafi a 1980 a kan ciniki da tattalin arzikin yankin. Sun bayyana ganuwar Tanimun da bindigoginsa, sun ƙidaya ayarin raƙuma. Cikin zawiya kuwa, wasu ne daban suka leƙa.

Cikinsu akwai Jean-Louis Triaud, Bafaranshe, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a wannan fage. A 1995 ya fitar da juzu'i biyu masu suna La légende noire de la Sanûsiyya, inda ya bi takardun Faransa daga 1840 zuwa 1930, ya nuna yadda aka ƙirƙiri dodo daga ɗariƙar da asalin aikinta karantarwa ne, da gina zawiyoyi a kan hanyoyin fatake, da sasanta ƙabilu. Tun kafin wannan, a 1983, ya yi rubutu a kan ɗariƙar Halwatiyya a Abzin, a 1988 kuma ya yi wata maƙala a kan ita kanta halwa da matsayinta a rayuwar waliyyai. Akwai kuma H. T. Norris na jami'ar Landan, wanda a 1990 ya buga littafi a kan Sidi Mahmudu Albagdadi da masu kaɗaita a duwatsun Abzin, ya dogara da wani rubutun hannu na Larabci da ake kira Ƙudwa. Daga cikin ƴan ƙasa, Djibo Hamani da Maïkoréma Zakari sun rubuta manyan littattafai a kan tarihin Musulunci a wannan yanki, na farko a 2007, na biyu a 2009.

Halwa tsohuwa ce a ƙasar nan

Abin da waɗannan ayyuka suka tabbatar shi ne, ƙasar da ke kewaye da Damagaram tsohon gidan halwa ce. A arewa, a ƙarni na 16, Sidi Mahmudu ya tara almajirai a Abzin yana horar da su da zikiri da kaɗaita, har aka kashe shi bayan saɓani da malaman fada. A gabas, a ƙasar Barno ta da, akwai Kulumbardo, garin Sufaye da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a cikin Infaƙul Maisuri, inda Shehu Abdullahi Albarnawi ya zauna da jama'arsa har aka kashe shi a wani hari wajen 1677. A yamma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, Baƙadire ne, kuma ya yi karatu a hannun Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya zauna a Agadas. Bayan ɓarnar 1917 ma, Malam Musa Abatul ya sake raya Halwatiyya a Abzin.

Halwa a tsarinta na asali aiki ne mai nauyi. Almajiri kan shiga ɗaki mai duhu da izinin shehinsa, sau da yawa har kwana 40, yana azumi, ya rage ci da barci da magana, ya lizimci zikirin da aka ba shi, shehin kuma yana bibiyar halinsa. A bayyane yake cewa falke mai ayari, ko mai kanti a kasuwa, ko malamin biro, ba zai iya rufe ƙofa kwana 40 ba. Domin haka halwa ta zauna a hannun ƴan kaɗan, kamar yadda wipasana ta zauna a Bama kafin Ledi.

Yadda ƙofa ta buɗe

Tijjaniyya ce ta fara sauƙaƙa wannan nauyi. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya tsara hanyar da mutum zai bi yana cikin jama'a yana sana'arsa: lazimi safe da yamma, watau istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, sai wazifa a cikin jam'i, da zikirin yammacin Juma'a. Alhaji Umaru Futi ya ratso da ita ta Barno da Sakkwato a shekarun 1830.

Amma babbar buɗewa ta zo ne a ƙarni na 20, a hannun Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a ƙasar Sanagal, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a Landan a 1975. A 1929 ya bayyana cewa failar da Tijjanawa ke jira ta zo ta hannunsa. Abin da ya bambanta jama'arsa shi ne tarbiyya: muƙaddami zai ba almajiri azkaru mataki mataki, da nufin kai shi ga ma'arifa, ba tare da ya bar kasuwa ko ya rufe kansa a ɗaki ba. Abin da a da sai manyan malamai bayan doguwar wahala, sai ga shi ana miƙa wa matasa da mata da masu sana'a. Wannan ya jawo masa ɗimbin mabiya, ya kuma jawo masa suka, har daga cikin Tijjanawa ƴan'uwansa.

A 1937 ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a wajen aikin hajji. Daga shekarun 1940 malaman Kano irin su Malam Tijjani Usman da Malam Atiku Sanka suka karɓe shi, attajirai kuma suka ɗauki nauyin tafiye-tafiye da buga littattafai. Tsakanin Kano da Damagaram tafiyar kilomita ɗari biyu da ƴan kai ce, kuma zamanin gyaɗa ne, manyan motoci na kai da kawowa. Motar da ta kai buhuna ita ke dawowa da littafi da carbi da muƙaddami. A yammacin ƙasar kuwa Shehu Abubakar Hashim na Kiyota, surukin Shehu Ibrahim, wanda ya rasu a 2004, ya mayar da ƙauyensa cibiyar da ake cika ta maƙil a kowane Mauludi. A ɓangaren Ƙadiriyya ma, Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, ya fito da zikirin bandiri da maukibi bisa titi. Bayan mota da injin ɗab'i sai rediyo, sai kaset, yau kuma wayar salula.

Wannan tarihi ya samu masu bincikensa. John Paden ya rubuta a kan ɗariƙun Kano a 1973. Rüdiger Seesemann, farfesa a jami'ar Bayreuth ta Jamus, ya buga littafi a 2011 a kan Shehu Ibrahim da tarbiyya, ya yi masa irin aikin da Braun ya yi wa Ledi: ya karanta littattafai da wasiƙu na Larabci, ya bi silsila, ya dubi zamani. Ousmane Kane, jikan Shehu Ibrahim, ya zama farfesa a Harvard, kuma littafinsa na 2003 a kan Izala ne a birnin Kano.

Ita ma Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta hanyar ƴan kasuwa da kaset ta shigo Nijar, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna game da alhazan Maraɗi. Watau hanyar da ta kawo wuridi ita ce ta kawo sukar wuridi. Mai bincike ba alƙali ba ne a tsakaninsu. Amfaninsa shi ne ya faɗi abin da ya auku, da shekarar da ya auku, da hannun wanda ya zo, domin yawancin gardamar da ke raba masallatai, wani lokaci har ta raba uba da ɗa, ana yin ta ne kowane ɓangare yana zaton abin da yake kai haka yake tun fil azal. Sanin cewa kowace al'ada tana da ranar zuwanta yakan rage zafin baki.

Akwai kuma wani sauyi da ya cancanci a bi diddiginsa. Kowa ya san yadda a yau mai neman kwangila, ko mai neman kujera lokacin zaɓe, kan biya malamai su shiga halwa a madadinsa. Horon da aka kafa domin karya son duniya ya koma hanyar neman ta. Masu binciken addinin Buda sun yi doguwar muhawara a kan irin wannan, ganin yadda kamfanoni ke koya wa ma'aikata zaman shiru domin su ƙara ƙwazo. Yaushe halwar biyan buƙata ta rinjayi halwar gyaran zuciya a garuruwan Hausa, kuma me ya jawo haka? Wannan tambaya kaɗai ta isa digirin dakta.

Aikin da ke jira

Kayan aikin suna nan, amma ba za su dawwama ba. A gidajen malamai na Birni da Zango, da Mirya, da Magarya, da Matamai, akwai adakoki cike da ijazoji, da silsiloli, da wasiƙu tsakanin shehi da almajiri, da waƙoƙin ajami, da ƙananan littattafan azkaru waɗanda aka rubuta a gefensu ranar da aka karɓa da sunan wanda ya bayar. Abokan gabarsu gara ce, da ɗigon ruwan damina, da rabon gado. Sashen rubutun Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda tushensa tarin da marigayi Boubou Hama ya yi ne, yana riƙe da littattafan hannu wajen 4000, amma babu mai cewa abin da ke gidaje ya ƙare. Dattawan da suka ga zuwan faila da idonsu suna yara, yau wanda ya rage cikinsu ya haura shekara 80.

Babbar matsala ita ce rabuwar ilimi gida biyu. Ɗan lakwal yana da Faransanci da dabarar bincike, amma idan aka miƙa masa ijaza da rubutun warash sai ya juya ta sama da ƙasa. Almajirin zaure yana karanta ta kamar ruwa, ya kuma san ma'anar kowace kalma, amma ba a koya masa shiga gidan ajiyar takardu na Yamai, ko na Dakar, ko na Aix-en-Provence, inda rahotannin kumandan ke kwance ba. Mai wannan aiki yana bukatar Larabci da Faransanci da Hausar ajami, in da hali har da Barbarci da Buzanci. Makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda aka fara da ta Sayi a 1957, da jami'ar Musulunci ta Sayi da aka buɗe a 1986, suna yaye matasa masu harsuna biyu. Abin da suka rasa shi ne mai nuna masu cewa wannan fage sana'a ce mai mutunci, da mai tallafa masu har su kai gaci.

A nan ne magana ta dawo kan ɗan kasuwa da ma'aikaci. Alhajin da ya gaji adakar kakansa ba a ce ya rabu da ita ba. A yau ana ɗaukar hoton takarda a gabansa, a mayar masa da abinsa, sunan gidansu kuma ya shiga tarihi. Abin da ake kashewa a bikin aure guda na manyan gari zai iya riƙe ɗalibi yana bin ƙauyuka yana ɗaukar maganar dattawa tsawon rani. Ma'aikacin da ke zaune a kwamitin rabon tallafin karatu, ko mai tsara darussa a jami'a, yana da ikon ya ware gurbi ga mai son wannan bincike, ya kuma daina kallon takardar Larabci kamar ƙaramar takarda. Su kuma shehunai da muƙaddamai, akwai asiran da ba za su buɗe ba, kuma mai bincike mai ladabi ba zai matsa ba. Amma shekarar da aka gina zawiya, da sunan wanda ya kawo wuridi unguwa, da littafin da ake karantawa, waɗannan ba asiri ba ne.

Attajirai ne da ma'aikata suka ɗauko wuridi a motocinsu, suka gina masallatan wazifa, suka sayi injin lasifika, wasunsu kuma daga baya suka gina masallatan masu sukarsa. Tarihin nan nasu ne kafin ya zama na kowa. Jami'ar da ke ɗauke da sunan André Salifou tana da ɗalibai, Birni yana da dattawa da adakoki, kasuwa kuma tana da masu hali. Idan aka haɗa ukun nan, nan da ƴan shekaru mai neman sanin tarihin zikiri a Damagaram ba sai ya aika Jamus ko Amurka a sayo masa littafi ba. Allah ya sa a farga tun dattawan na da ƙarfin magana, amin.